Kunnen Inna na Hagu

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Kakanninmu sun shiga coci tun kafin a haife ni, sun bar abubuwa da yawa na gargajiya a bakin ƙofa, amma kunyar ɗan fari da ita suka shiga ciki. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kaka. In Inna tana so in ɗebo ruwa, sai ta dubi randa ta ce, "Yau kuma ba mai tausayin randar nan." In na gaishe ta, bango take amsa wa. Sai da na kama aikin koyarwa ta samu sauƙi, don ta samu abin da za ta kira ni da shi, wato "Malamar nan." Shi ma ba da ni take ba, da wanda ke kusa take.

Ban taɓa ɗaukar wannan a kan ƙiyayya ba, kowa ya san haka ake yi. Ni ma na koyi nawa rabon. Ba na kallon idonta, ba na ɗaga murya in tana wurin. In zan yi mata magana sai in durƙusa a gefe, in sunkuyar da kai, in faɗi abin da zan faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai addu'a. Wanda ya san ni a makaranta in ya ji wannan sai ya yi dariya. A firamaren da nake koyarwa a Samaru, in na daka tsawa a aji biyu na ce a zauna, har 'yan aji shida sai sun nemi benci. Ina da baki, ina da zafin rai, ban taɓa musu ba. Amma a gaban Inna duk wannan ajiye shi nake.

Kuma tana da yadda take amsa mini. In na durƙusa na ce kaina na ciwo, ba za ta ce uffan ba, amma kafin awa guda zan tarar da kunun tsamiya mai zafi a bakin ƙofar ɗakina. In na ce takalmina ya tsinke, gobe zan gan shi a ɗinke. A haka muka yi ta hirarmu shekara da shekaru, ni da baki, ita da hannu, kuma ya ishe ni.

A ƙauyenmu Bomo take zaune, tana da injin niƙa a zaure. Tun ina budurwa take tsaye a kansa daga safe har la'asar, tana niƙa wa 'yan gari masara da dawa, tana markaɗa wa ɗalibai masu haya tumatir da wake. Da Baba ya rasu, ƙafafunta kuma suka fara gazawa, sai ƙanena ya karɓi injin. A lokacin ni ma mijina ya rasu, 'yata guda ɗaya ta yi aure can nesa. Ina zaune ni kaɗai a ciki da falo a wani gidan haya a Muchia, ina dafa tuwon mutum ɗaya, wanda duk mai girki ta san ba ya daɗi. Sai na aiki ƙanena ya roƙar mini Inna ta dawo wurina. Ranar da ya kawo ta na wanke labule, na sayi sabuwar tabarma a kantunan PZ. Na ce shi ke nan, kaɗaici ya ƙare.

Ashe ban san kaɗaici ba tukuna. Mutum ɗaya a ɗaki ya san shi kaɗai ne, sai ya kunna rediyo ya haƙura. Amma mutum biyu a ɗaki ba mai ce wa wani komai, wannan ya fi ciwo. Kullum in na dawo daga Samaru sai in ajiye jaka, in durƙusa a gefen tabarmarta, in gaishe ta, in ba ta labarin makaranta. Yaron da ya haɗiye kwabo, malamar da ta haihu, kwandastan da muka yi cacar baki da shi a Kwangila. Ita kuwa tana tsintar wakenta, ko kai ba ta ɗagawa. Na ce to, Inna ce, haka take. Amma sai na lura amsar hannun ma ta ɗauke. Na ce ina marmarin miyar karkashi, ba a yi ba. Na ce bayana na ciwo, shiru. Ranar da mijina ya cika shekara uku da rasuwa na durƙusa na faɗa mata, na jira ko tsaki ne na tausayi. Ta tashi ta shiga ban-ɗaki da butarta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matar tela. Maƙwabciyarmu ce, ƙofarta na kallon tamu, 'yar kudancin Kaduna, mace mai kirki amma in tana magana sai ka ce da mutumin hayin rafi take. Takan zo ta kama hannun Inna, ta kusa sa mata hanci a fuska, ta kwaɗa mata "Mama, yaya jiki!" Sai in ji Inna tana dariya, tana amsawa, har da tsokana. Ni kuwa ina ciki ina jin su, ina buga tukwane da gangan. A raina nakan ce, to ita ce kika haifa ai, ku ƙarata. Allah ya gafarta mini, na faɗi abin da ya fi haka ma a zuciya.

Wata Lahadi bayan mun dawo daga sujada, a shekara ta biyu da zuwanta, Inna ta zauna a bakin ƙofa ta kira matar tela. Ina tsaye a wurin ina cire ɗankwali. Ta ce, "A gaya wa Malamar nan na aika wa ƙaninta. Ran Asabar zai zo ya mai da ni gida. Zaman birni sai masu shi."

Matar tela ta dube ni, na dube ta. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da takalmin coci a ƙafata. Haushi nake ji, amma a ƙarƙashin haushin tsoro ne. Ko ba ta kula ni, ina jin tarinta da asuba, ina jin ƙarar tsintsiyarta, akwai wanda zan sayo wa goro in na biyo ta kasuwa. In ta tafi, ba ni da kowa a ɗakin nan sai hoton mijina. Washegari da yamma na haɗiye girman kaina, na durƙusa a gefenta, kaina a ƙasa, na ce, "Inna, don Allah kada ki tafi. In wani laifi na yi, ki yafe mini. Ba ni da kowa sai ke." Ban taɓa faɗa mata magana mai nauyin wannan ba. Na jira. Ta kaɗe faifanta, ta zuba wa kajin gidan tsakuwar waken, ta ci gaba da tsinta. Na tashi na ce a raina, to ki tafi ɗin, ba zan sake roƙo ba.

Ran Talata darasin kiwon lafiya nake da shi da 'yan aji biyu, kuma abin da manhaja ta ce a makon shi ne kunne da kula da shi. Allah ya sani ba na cikin hayyacin koyarwa, amma yara ba ruwansu da abin da ya hana ki barci. Na zana kunne a allo. Ni dama ba gwanar zane ba ce, wani ɗan baki-abin-magana daga baya ya ce, "Malama, wannan ai ƙosai ne." Ajin ya kwashe da dariya. Na ce, "To ƙosan nan shi zan ja maka in ba ka rufe mini baki ba." Sai na tuna darasin da nake shirin yi, na ce a'a, yau ba a jan kunnen kowa, yau ranar hutun kunne ce. Suka yi tafi.

Na zo da wani kwali daga gida. Na dinga fito da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa: gashin kaza, tsinken ashana, murfin biro, tsinken tsintsiya, ƙwayar wake. Na ce, "Wa ake sosa wa kunne da gashin kaza a gidansu?" Hannaye suka tashi kusan duka, wasu har biyu-biyu. Ban ga laifinsu ba, ni kaina na san daɗin abin, mutum har lumshe ido yake. Na ce musu can cikin kunne akwai wata fata siririya, ta fi bayan albasa laushi, ita ce ke rawa in sauti ya shiga, in ta huje kuwa an shiga uku. Na ce kunne yana fitar da dattinsa da kansa, nasu kawai su goge waje da tsumma mai tsabta in sun yi wanka. In ƙwaro ya shiga, ko wake, ko kunne na ruwa, ba tsinke ba, ba kananzir ba, a gaya wa babba a tafi asibiti.

"Malama, in kakata ce ta ce in kawo kunnena fa?"

"Ka ce mata Malama ta hana. In ta ƙi, ka turo mini ita."

Na gaya musu kada su mari ɗan'uwansu a kunne, kada su zo su kwaɗa masa ihu a ciki don wasa. Na ce ƙara mai yawa tana cin kunne a hankali, mutum bai sani ba, don haka su nisanci gindin lasifikar biki, da janareta, da injin niƙa. Da bakina na ce injin niƙa. Na ma kwaikwayi kukansa, suka taya ni, ajin ya kaure da hayaniya har malamin aji uku ya leƙo. Amma ko ɗar ban ji ba, kaina a toshe yake da fushin jiya.

Daga nan muka yi wasan raɗa. Yaro zai tsaya ya fuskanci bango, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ni kuma in ja baya taku uku in raɗa kalma, shi ya maimaita. Kifi. Lemo. Agogo. Sun ji daɗin wasan ƙwarai, kowa na rige-rigen a yi da shi. Na samu yarinya ɗaya da ba ta ji da kunnen dama sosai, na rubuta wa iyayenta takarda su kai ta a duba. Ina ninke takardar sai wata 'yar mitsitsiya mai wushirya ta ɗaga hannu. A layin gaba take zama, babanta mai aikin lambu ne a jami'a, kuma ba ta cika magana ba.

"Malama, wanda ba ya ji, ya san ba ya ji?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Ke in idonki ya rufe ba za ki sani ba?"

Ta ce, "A'a Malama, kakata ba ta sani ba. Cewa take mu ne muka daina yi mata magana. Har kuka take, wai an gaji da ita a gidan. Kuma muna yi mata fa. Sai dai in ba ta ga bakinka ba, ba ta san ka yi ba."

Na ce ta zauna. Na juya wajen allo kamar zan rubuta wani abu, na tsaya da alli a hannu ban rubuta komai ba. Yara suka fara surutu a bayana, ban tsawata musu ba, abin da ba su saba gani ba, har suka yi shiru da kansu. Ban san yadda na ƙarasa darasin ba. Na dai tuna na sa su rera waƙar sassan jiki sau uku don in samu in zauna.

A bas daga Samaru zuwa PZ abubuwa suka dinga dawo mini. Yadda Inna take shiga waƙa a coci bayan kowa ya yi gaba, ina ɗauka tsufa ne. Ranar da ɗan acaɓa ya kusa kwashe ta a bakin titi yana ta hon, ita ko a jikinta, ni kuma na tsaya ina zagin ɗan acaɓan har mutane suka taru. Matar tela da muryarta da yadda take sa fuska a fuska. Sai kuma ni, a gefe, kai a ƙasa, ina magana da tabarma. Wata zuciyar ta ce kada ki yaudari kanki, kina nema mata uzuri ne don ba kya so ki yarda ba ta son zama da ke. Har na wuce inda zan sauka, kwandasta ya yi mini tsiya, ban ko tanka masa ba.

Na tarar da ita a bakin ƙofa, ta ba hanya baya, tana yankan kuɓewa. Na ajiye jaka a hankali. Na tsaya taku uku a bayanta, daidai yadda na yi wa yara, na ce, "Inna." Shiru. Na ƙara murya, irin wadda ake magana da ita a kasuwa. Shiru. Na tafa hannu. Wuƙarta ba ta tsaya ba. Sai na ɗauki murfin babbar tukunyata na sake shi a kan siminti. Kaji suka watse, jaririn ɗakin ƙarshe ya tsala kuka, matar tela ta fito da gudu tana kiran sunan Allah. Inna ba ta motsa ba sai da murfin ya gangaro ya taɓa gefen tabarmarta. Ta dube shi, ta ɗauka, ta kife shi a gefe, ta ci gaba da yanka.

Na shiga ɗaki na toshe bakina da zani na yi kuka. Ni malama ce, na koya wa 'ya'yan mutane kula da kunne shekara da shekaru, uwata ta kurumce a gabana ban sani ba. Da ƙanena ne, ko matarsa, da tuni sun gane, don su in sun yi magana amsa suke jira. Ni ce kaɗai a duniya wadda shirun Inna ba zai ba mamaki ba, kuma wurina aka kawo ta.

Ran Alhamis na nemi izini a makaranta. Matar tela ce ta kwaɗa mata cewa za a duba lafiyarta kafin ta koma ƙauye, ta yarda. Mu uku muka shiga keke mai ƙafa uku muka tafi asibiti, sashen masu duba kunne. Muka yi layi har rana ta take. Likitan matashi ne, ya leƙa da 'yar fitilarsa, ya sa aka wanke mata dattin da ya daskare, sannan aka sa mata wani abu a kunnuwa aka ce ta ɗaga hannu duk lokacin da ta ji ƙara. Ina kallo ta gilashi. Hannun nan ya daɗe a cinyarta bai tashi ba. Da aka gama likita ya tambaye ni aikin da take yi a da. Na ce injin niƙa. Ya gyaɗa kai kawai. Ya ce na dama ya tafi, ba zai dawo ba, amma na hagu da saura. Ya ce akwai na'urar da za a iya gwada mata nan gaba, amma kafin nan duk mai magana da ita ya zauna ta hagunta, a wuri mai haske, ya kalle ta ta kalle shi, ya ɗaga murya ya yi a hankali. Yana faɗa kamar abu mai sauƙi. Bai san duk abin da ya lissafa shi ne aka hana ni tun ina goye ba.

Wata nas ce ta sunkuya ta hagun Inna tana cike takarda, ta ce da ƙarfi, "Mama, tun yaushe kika daina ji sosai?"

Inna ta ce, "Ni? Ina ji mana. Ga shi ina jin ki. Mutane ne dai suka rage magana." Sannan ta nuna bayanta da haɓa, inda nake tsaye riƙe da jakarta. "Wannan da ta kawo ni, tun da na zo gidanta ba ta ce mini ko sannu ba. Kullum sai ta zo ta durƙusa a gefena, ta daɗe, ba ta ce komai ba, ta tashi. Na ce akwai abin da take so ta faɗa, kunya ta hana ta. Na yi ta tunani, na ga ba wani abu ba ne, nauyi na yi mata. Yarinya ce mai kunya, ba za ta iya korata ba. Shi ya sa zan tafi da kaina."

Nas ɗin ta ɗago ta yi mini wani kallo, irin wanda ni nake yi wa iyayen da ke turo yaro makaranta ba karin kumallo. A wani wurin da ta ji abin da bai yi mata daɗi ba. Ranar sunkuyar da kai kawai na yi. Shekara biyu kenan Inna tana zaune tana jiran ranar da zan ce ta tattara, ita ma kuma ba ta da bakin tambayata, don ni 'yar fari ce.

A keke muna dawowa matar tela ta kama hannunta ta ce, "Mama! Tana yi miki magana fa! Kullum! Ke ce ba kya ji!" Inna ta yi murmushi ta dafa ta, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ke dai mai gyara ce." Ba ta yarda ba, ta ɗauka rufa mini asiri ake. Da muka isa gida ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado ta fara ninke zannuwanta. Matar tela ta ja ni gefe ta ce, "Malama, wannan ba aikin ɗan aike ba ne o. Sai ta ji daga bakinki." Na ce na sani, ta ƙyale ni. Har da tsawa na faɗa mata, baiwar Allah, kamar ita ta yi mini laifi.

Daren ban yi mata maganar ba. Da safe ma na tsaya a bakin ƙofa da jakata na kasa, na wuce makaranta. Duk wunin Juma'a ina ta daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ina jin muryar nan tana fita ba wahala, ina jin haushin kaina. Mutum zai ce mene ne a ciki, ki ɗaga murya kawai. Amma ni na girma ina ganin wanda ya ɗaga wa uwarsa murya ɗan banza ne, wanda ya kalli tsabar idonta kuma marar tarbiyya. Na haura shekara hamsin ban taɓa yi ba. Kuma in na yi, ban san ko za ta ɗauke shi a kan raini ba, ta tafi da wannan a zuciyarta, wanda ya fi na farko muni.

Na dawo da la'asar sakaliya. Jakarta na jingine a bakin ƙofa, an ɗaure bakinta da tsumma, bokitinta da tabarmar da ta zo da ita suna kai. Matar tela ta tafi taron zumuntar mata, ba ta nan. Inna na zaune, hannunta ba aiki, abin da ban saba gani ba. Na cire takalmi. Na wuce gefen da na saba durƙusawa, na zagaya ta hagunta, na zauna a kan tabarmarta har gwiwata ta taɓa tata. Ta ɗan janye. Na ɗaga kaina.

Ban san haka fuskarta take ba. Akwai wani ɗan tabo a girarta ta hagu, ban san lokacin da ta same shi ba. Baƙin idonta ya fara yin fari-fari. Haƙoranta biyu na ƙasa babu. Uwata ce, a ɗaki ɗaya muke kwana, amma kamar ranar na fara ganinta. Ta yi sauri ta kau da ido. Na ja numfashi, na nemo muryar aji biyu, na sake ta gaba ɗaya.

"Inna! Ina wuni!"

Ta zabura har ɗankwalinta ya zame. Ta dube ni, karon farko da na san ta dube ni, bakinta a buɗe. Daga nan kuma ban iya tsayawa ba. Ina kuka ina ihu, ban san wanne ya fi ƙarfi ba.

"Kullum ina gaishe ki! Kullum! Ba ki yi mini nauyi ba! Ni na aika a kawo ki! Ran Litinin na roƙe ki kada ki tafi, ba ki ji ba! Ba ni da kowa, Inna! In kika tafi da wa zan zauna?"

Ƙofofi suka fara buɗewa. Tela ya fito da almakashi a hannu, matan gidan suka fito da 'ya'yansu a baya, har masu wucewa a titi suka leƙo ta zaure. Abin da suka gani shi ne jakar tsohuwa a ɗaure a bakin ƙofa, da 'yarta a gabanta tana zazzaga mata ihu. Akwai wani dattijo a ɗakin farko, dattijon ikilisiyarmu ne, mutumin da nake jin nauyinsa. Ya tako da sandarsa har bakin tabarma cikin ɓacin rai.

"Haba Malama! Haba! Uwarki ce fa! Ke da kike koya wa 'ya'yanmu tarbiyya? In korarta za ki yi, sai kin tara mata jama'a? Tir da wannan!"

Wata daga baya ta ce dama ta lura ba na kula tsohuwar nan. Na mayar da kaina ƙasa inda ya saba zama. Ina ganin hannun Inna yana gyara ɗankwali, yana goge ido da bakin zani. Ba ta ji abin da dattijon ya ce ba, amma ta ga sandar, ta ga fuskokin. Ta ɗaga hannu ɗaya, kowa ya yi tsit. Ba ni ta kalla ba, shi ta kalla.

Ta ce, "Ku ƙyale ta. Hira muke yi." Sannan ta dubi tela. "Kai mai waya, buga wa yaron nan na Bomo, ka ce kada ya wahalar da kansa gobe."

Ta gyara zama, ta mayar da idonta kan bango, ta juyo mini da kunnen hagu tana jira.